Hattara da masu tallan "cikakken kayan tirayatlon" a Instagram da WhatsApp

Jama'a, musamman ku da kuka fara shirin shiga gasar tirayatlon, wato iyo, tuƙin keke da gudu a jere: akwai wasu da suka mai da ku kasuwa. Sun lura sabon shiga bai san farashin kaya ba, kuma yana jin kunyar zuwa wurin gasa da tsohon keke. Sai su baza hotunan keke mai firam ɗin kabon (wani abu mara nauyi da ake ƙera kekunan tsere da shi maimakon ƙarfe), da hular kwano mai tsini, da takalmin da ake maƙalawa a feda, su ce duka "ɗan Beljiyam ne, saura ɗaya", a kuɗin da ko tayoyin keken ba zai saya ba.

Kashi biyu ne. Na farko ba shi da keken ma. Hotunan daga shagunan Turai ya kwaso. Zai ce ka tura kafin alƙalami, bayan kwana biyu ya ce kwastan sun riƙe kaya, sai kuma kuɗin mota daga Legas. Ranar da ka ce a nuna maka keken ta kiran bidiyo, ranar za a toshe lambarka. Wannan kuɗi kawai ya ci.

Na biyun shi ne ya fi tayar mini da hankali, domin shi yana aiko kayan, jabu ne kawai. A gasar gajeren zango tuƙin keke kilomita 20 ne, a zangon Olamfik kilomita 40, kuma a gangara gudun yakan wuce kilomita 50 a awa. Abin da ke tsakanin kanka da kwalta a lokacin shi ne hular nan. Ta gaske tana da soso mai tauri a ciki wanda aikinsa ya murƙushe ya shanye bugun, ledar waje kuma a manne take da shi. Ta jabu ledar daban, soson daban, ka sa farce a gefe sai ta ɗago. Juya ta ka duba ciki. Ya kamata ka ga takardar shaida: EN 1078 idan ta Turai ce, CPSC idan ta Amurka ce, da girmanta da lokacin da aka ƙera ta. Su ma takardun ana buga na ƙarya, don haka ja igiyar haɓa da ƙarfi, ka ga ko maƙullin zai zame. Idan an ce tana da MIPS, wata ƙarin kariya ga kai, ai ba tambari ba ne kawai, akwai wani shimfiɗi a ciki da yake ɗan motsawa idan ka tura shi da yatsa. Ni hular kwano ta hannu ma ba na saya, ko ta gaske ce, domin wadda ta taɓa cin faɗuwa ta gama aikinta ko da ba a ga tsagewa ba.

Haka sitiyari da cokalin gaba na kabon ɗin jabu. Ƙarfe yakan lanƙwashe ya ba ka sanarwa, kabon mara kyau karyewa yake yi farat ɗaya. Kaca da robar birki masu ɗauke da sunan Shimano, kamfanin kayan keke, su ma ana kwaikwayonsu, har da kwalin. Wata dabarar kuma: a sa giyar baya ta 105 ko Ultegra, wato samfuran Shimano masu tsada, inda ido yake fara sauka, sauran kayan duk marasa suna, a kira keken "cikakken 105". Duba hannayen birki da faranti ɗaya bayan ɗaya, sunan yana rubuce a kan kowanne.

Kafin ka biya ko sisi, a kifa keken a nuna maka lambar firam da ke ƙasa, tsakanin fedoji biyu. Mai kankararriyar lamba ka bar shi, wataƙila na sata ne. Ka tafi da mai gyaran keken da ka yarda da shi, ka hau ka gwada, domin keke yana da girma kamar takalmi, wanda ya fi ƙarfin tsayinka bayanka zai gaya maka tun kafin ka fara gudu.

Kuma fa gasar farko ba ta buƙatar duk wannan tarkacen da suke cusa maka. Keke mai lafiyayyen birki ya isa, ko aro ne. Hula ce dole: doka ce ka ɗaure ta kafin ka cire kekenka daga ma'ajiya, ba ka kuma kwance ta sai ka mayar da shi. A nan ya kamata kuɗinka ya fara zuwa, a shagon da za ka iya komawa gobe.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya adana hirar da shaidar biyan da lambar asusun, ya kai ƙorafi bankinsa a ranar, sannan ya sanar da 'yan sanda. Ya kuma sa sunan shafin a zauren 'yan kekensu, don sukan canza suna ne su dawo da hotunan nan dai.