Na'urar Hoton Walda Mai Batir: Yadda Ta Yi Mana Aiki a Maraɗi

Na daɗe ina auna ingancin walda da ido da kuma cika tanki da ruwa, har ranar da wani mai gidan mai ya ce ba zai karɓi tankinsa ba sai an ɗauki hoton cikin ɗinkin ƙarfen, kamar yadda ake duba karaya a asibiti. Ma'aikacin da muka ɗauko daga Yamai ya zo da na'urar hasken X-ray mai aiki da batir, wadda mutum ɗaya ke ɗauka da hannu, kuma wannan kaɗai babban alheri ne a garin da wutar lantarki ke yawan yankewa.

Ana manna fim a bayan waldar, a saita na'urar ta gaba, hasken ya ratsa ƙarfen. Duk inda ƙarfe ya yi ƙaranci hasken ya fi wucewa, sai wurin ya fito da duhu. Da ya ɗaga fim ɗin a gaban fitila, na ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar an watsa gero, wato iskar da ta maƙale saboda sandunan waldarmu sun sha raɓa, ga kuma wani siririn layi inda narkakken ƙarfe bai kai gindi ba. Ɗinkin nan da hannuna na yi shi, kuma daga waje sumul yake.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne, da an kashe na'urar hasken ya yanke, saɓanin sinadarin iridiyum 192 da ake ɗaukar irin wannan hoto da shi a wasu manyan ayyukan bututu, wanda ba ya daina fitar da haske. Duk da haka sai da ma'aikacin ya ja igiya ya kori almajirai da masu kallo nesa, domin hasken yana cutar da jiki, kuma in an ninka tazara sau biyu, ƙarfin hasken yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Na'urar tana da iyakarta. Dole a sami hanyar kaiwa ɓangarorin ƙarfen biyu, tsagewar da ta kwanta a karkace tana iya ɓuya, kuma zafin Afrilu ya lalata mana fim na farko, domin ruwan wankinsa yana son sanyin digiri 20. Ƙaramin gareji irin nawa ba ya buƙatar sayenta. Hayar ƙwararre mai izinin ARSN, hukumar da ke sa ido kan harkokin nukiliya a Nijar, ta fi, musamman ga tankin mai da ƙarafan rufin manyan rumfuna.