Rajistar CAC ga masu haɗa jari: satifiket na fitowa, amma yarjejeniya aikinku ce

Shafin intanet na hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, CAC, ya rage wa 'yan kasuwa wahala. A nemi suna, idan ya samu karɓuwa a ajiye muku shi kwana 60, kowa ya shigar da lambar NIN da adireshi da sa hannu, a biya, a sauke satifiket ba tare da an taka ofis ba. Nan kam sai yabo.

Rauninsa shi ne ba ya tsayar da ku ya tambayi wace irin haɗaka kuke ƙullawa. Da yawa rajistar sunan kasuwanci suke zaɓa don ta fi arha, ba su san bashin da ɗaya ya ciyo da sunan shagon yana iya bin ɗayan har gidansa da motarsa ba. Dokar kamfanoni ta 2020, wato CAMA, ta kawo tsarin LLP, haɗakar da doka ke ɗauka daban da masu ita, mai taƙaita wannan haɗari, ga kuma kamfani, wanda mafi ƙarancin hannun jarinsa naira 100,000 ne.

Fom ɗin zai karɓi rabon hamsin-hamsin ba musu, alhali nan rikici ke kwana. Cire darakta sai da rinjaye, sauya ƙa'idojin kamfani sai da kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'u. Mutum biyu masu ƙarfi ɗaya in suka saɓa, ba abin da zai motsa. Ko dai a yi 51 da 49, ko a rubuta tun farko wanda zai raba gardama.

Ƙa'idojin da ake samu a shirye kuwa ba su san shagonku ba. Babu maganar albashin mai zaman shago, ko nawa mutum zai iya zara a wata, ko wa zai sa hannu a banki. A haɗakar da ba kamfani ba, ba kuma LLP ba, in ba a rubuta komai ba, doka daidai take raba riba, ko da wani miliyan 8 ya zuba, wani 2, kuma rasuwar ɗaya na iya rushe ta, a bar mai rai da magada. Masu bin tsarin mudaraba, inda ɗaya ke kawo jari ɗaya kuma yake juya shi, su rubuta riba da kaso, ba da tsayayyen kuɗi ba, asara kuma ta mai jari ce sai in an samu sakaci.

Tantance abokin ma ba aikin shafin ba ne, duk da ana iya duba ko kamfanin da yake iƙirari yana da rajista. Sauran sai a kasuwa: wa ke binsa bashi, yaya ya rabu da abokinsa na baya? Ku gwada juna da sarin kaya ɗaya, a ga ko lissafi zai fito a rubuce.

Shafin ya cancanci amfani, amma lauya ya fara rubuta muku yarjejeniyar, har da farashin da za a saye kason mai son fita da wa'adin biyansa.