Hattara da mai tara kuɗin ziyarar Sakkwato da Surame

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman mutanen ƙauyukan Ringim da Taura. Akwai wani mutum da ke bin makarantun Islamiyya na matan aure da majalisun dattawa, yana cewa yana haɗa ayarin ziyara zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato, daga nan a wuce kufan Surame da Alƙalawa. Don Allah kada kowa ya ba shi ko sisi.

Bakinsa da zaƙi, kuma ya haddace tarihi. Zai faɗa muku Kanta na Kabi ne ya gina Surame da ganuwar dutse, ya ce Alƙalawa ce babban birnin Gobir har zuwa 1808 da mayaƙan jihadi suka ci ta. Duk wannan gaskiya ne, da shi yake sa mutane su saki jiki. Sai ya zaro waya ya nuna hoton doguwar bas mai sanyi, ya ce kujeru sun kusa ƙarewa, a ba da kafin alƙalami. Rasit ɗinsa babu adireshi, lambar asusun da yake bayarwa a tura ta POS kuma sunan wani ne daban.

A garinmu iyayenmu mata ne suka fi shiga. Gwaggona ta sayar da akuyarta, wasu suka kwashi adashi. Ranar tafiya tun da asuba suna bakin titi da buta da darduma da ƙullin dambun nama, har rana ta take. Wayarsa a kashe. Tsohuwar da burinta kawai ta yi wa Shehu sallama kafin ta bar duniya, ita aka yi wa haka. Wallahi abin ya ci min rai.

Ku duba alƙawarin nasa ma: wai a tashi Juma'a a dawo Asabar da dare. Daga Kano zuwa Sakkwato kaɗai wuni guda ne a mota, balle babbar bas cike da tsofaffi, ga tsayawar salla, ga shingayen jami'an tsaro. Surame tana wajen Binji, Alƙalawa kuwa tana can gabashin Sakkwato wajen Sabon Birni, yankin da kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa shi. Wane direba mai hankali ne zai ɗebi mata ya nufi can?

In ziyara kuke so, ku wakilta mutum biyu su je tasha su yi ciniki da shugabannin direbobi ido da ido, a ga motar, a san direban, kuɗi kuma su zauna hannun limami ko mai unguwa sai ranar tashi. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana takardar POS ɗinsa, ya kai wa mai gari da 'yan sanda. An ce yanzu ya nausa ƙauyukan Gumel, mai 'yan'uwa a can ya kira su yau.