Paparazzi ko Roborazzi: amsa ga ƙanenmu na Tawa

Ƙanena, ka ce kana gina manhajar Android ta lissafin buhunan albasa don 'yan kasuwar Galmi, da Hausa da Faransanci, kuma in ka gyara nan sai can ya lalace ba ka sani ba. Kana so ka san wanne ya fi dacewa da kai wajen gwaji da hoton fuskar waya, Paparazzi ko Roborazzi, ga kwamfuta mai RAM giga 8.

Tushensu ɗaya ne. Ka ɗauki hoton kowane shafi a lokacin da yake daidai, ka ajiye a Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin canje-canjen aiki, tare da sauran aikin. Duk sanda ka canza wani abu, a sake zana shafin, a kwatanta da na ajiye ɗigo da ɗigo. In sun saɓa gwaji ya faɗi, a fito maka da hoton da ke nuna inda bambancin yake. Dukansu biyu a kan kwamfuta suke gudana, ba waya ba emulato (wayar kwaikwayo da ake kunnawa a cikin kwamfuta), kuma nan suka rabu da irin su Shot da kayan da Facebook ta fitar tun da daɗewa, masu buƙatar waya ko emulato. Da giga 8, ga Android Studio, inda kake gina manhajar, a buɗe, ga zafin Afrilu, emulato wahala ce kawai.

Paparazzi daga masu Cash App, manhajar aika kuɗi ta Amurka, ya fito. Yana amfani da layoutlib, injin da Android Studio ke nuna maka shafi da shi tun ba ka kunna manhajar ba. Ka ba shi shafi, ka faɗa masa irin waya, da harshe, da girman rubutu, da yanayin dare ko rana, ya zana ya ɗauka. Iyakarsa ke nan. Ba ya danna maɓalli, ba ya shiga daga shafi zuwa shafi. Mai hoton situdiyo ne: ka zo da shirinka ka tsaya cak.

Roborazzi kuwa a kan Robolectric yake zaune, wato kayan gwaji mai kwaikwayon Android a kan kwamfuta, wanda tun sigar 4.10 ta 2023 ya iya zane na gaske. Shi zai rubuta a cikin akwati, ya danna, ya ja shafi ƙasa, sannan ya ɗauki hoto a tsakiyar aiki. Ɗauki misali daga manhajarka: ɗan kasuwa ya rubuta buhu 250, ya manta farashi, ya danna ajiyewa, jan saƙon kuskure ya fito ya tura maɓallin ƙasa. Da Roborazzi za ka bi matakan nan kamar yadda mutum zai bi. Da Paparazzi sai ka gina wannan yanayin da hannunka ka miƙa masa, kuma abin da ba ka yi tunaninsa ba, ba zai taɓa gani ba.

Amma Roborazzi na da tasa wahalar. Karon farko Robolectric zai sauko da babban fayil na Android, kuma kowace sigar Android da ka nema da nata fayil ɗin. Ka tsayar da siga ɗaya, ka sauko da ita inda intanet ke da ƙarfi, kada ka ƙone megan wayarka. Sannan Paparazzi da Robolectric ba sa jituwa a sashe ɗaya na aiki, don haka in ka riga ka rubuta gwaje-gwaje da Robolectric, magana ta ƙare: Roborazzi za ka ɗauka.

Ni dai Roborazzi zan ba ka, saboda manhajar lissafi duk cike-cike ce da danne-danne. In da Compose kake rubutu, wato hanyar Google ta gina shafukan manhaja, kuma kowane shafi daga bayanan da aka ba shi kawai yake zanuwa, Paparazzi ya isa kuma ya fi sauƙin kafawa. Google ma ta fito da nata a 2024 don masu Compose, amma wannan hirar wata rana ce.

Ko wanne ka ɗauka, kada ka tsaya a hoto ɗaya. Maɓallin da ya ɗauki "Ajiye" cikin walwala, in aka sa masa "Enregistrer la vente" sai ya yanke ko ya karye gida biyu. Ka ɗauki kowane shafi da harsunan biyu, ka sake ɗauka da rubutu ƙato, domin dattawan kasuwa da yawa suna ƙara girman rubutun wayarsu. Ka gwada da kuɗi mai tsawo, irin 1 250 000 na sefa, ba 500 ba. Kwanan wata da agogo ka daskarar da su, in ba haka ba gobe gwaji zai faɗi ba laifin kowa. Hotunan asali kuma, wato na ajiye da ake kwatantawa da su, na'ura ɗaya ta riƙa ɗaukarsu, don Windows da Linux kan ɗan saɓa a gefen haruffa. Kuma in gwaji ya faɗi, ka buɗe hoton ka duba da idonka kafin ka sake ɗauka. Na ga masu aiki nan Yamai da ke sake ɗauka a makance, su mayar da ɓarna ta zama hoton asali.

Akwai abin da dukansu ba sa gani. Mutanenka Tecno da Itel da Infinix suke riƙe da su, kuma mai waya na iya canza salon rubutunta. Sai ƙ da ɗ da ɓ da ƴ su fito daidai a hotonka, a hannun ɗan kasuwa kuwa su bambanta da sauran haruffa. Maganinsa ka saka salon rubutu a cikin manhajar kanta, kamar Noto Sans ko Andika, duk suna da haruffanmu masu ƙugiya. Kafin kowace sabuwar siga ta fita kuma, ka ari Itel mafi ƙanƙantar fuska da za ka samu, ka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya.