Sashen ɗaukar hoton yara: abin da na gani

Ɗana yana da mako 4 ya fara wani irin amai. Da ya gama shan nono sai ya feso shi kamar an buɗe famfo, nan take kuma ya sake lalubar nono da kukan yunwa. Likita ya tura mu sashen hoto na yara.

Sikanin aka yi masa, wanda ke aiki da sauti, ba irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi ba, hankalina kuwa ya kwanta da jin haka. Matar da ta yi aikin ta burge ni. Sai da ta ɗumama man sikanin a tafin hannunta kafin ta shafa masa a ciki, ta ce, "Maman yaro, riƙe masa ƙafa, yanzu za mu gama." Ta juyo min allon ta nuna min ƙofar tumbinsa, inda abinci ke gangarawa hanji. Naman wurin ya yi kauri, ya wuce milimita 3, shi ya toshe wa nono hanya. Ashe matsala ce da ta fi kama jarirai maza, kuma tiyata ke gyara ta.

Inda suka gaza shi ne jira. Awa 2 muna zaune da jariri mai yunwa, ɗakin ga sanyi kamar firji, ba wanda ya leƙo ya ce mana uffan. Hoton ƙirjin da aka ɗauka daga baya kuwa, ko minti 5 bai ci ba.