Shirin kai yara Disney, abin da na gani tun kafin mu tafi

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya su Umma, ya zafi. Kin ce in ba ki labarin tafiyar nan da muke ta shiri, toh wallahi ko ƙofar wajen ba mu gani ba tukuna amma kuɗi sun riga sun fara fita.

Sunan wajen Walt Disney World, kusa da garin Orlando yake a jihar Florida ta nan Amurka, tun 1971 aka buɗe shi. Kar ki ɗauka irin gidan zoo na Kano ne da Baba yake kai mu yawon sallah a zaga a fito kafin la'asar, wannan gari ne guda, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 100, manyan wuraren wasa huɗu ne a ciki, Magic Kingdom, EPCOT, Hollywood Studios da Animal Kingdom, kowanne sai ya cinye miki yini cur. Tikitin mutum ɗaya na rana ɗaya ya haura dala 100 kuma kuɗin ba a tsaye yake ba, lokacin Kirsimeti da hutun makaranta sai ya ƙara hawa, babu ciniki babu a rage min, abin da kika gani a waya shi za ki biya. Yaron da bai kai shekara 3 ba kyauta ne, daga 3 zuwa 9 ɗan ragin ba wani mai yawa bane, wanda ya cika 10 kuwa kuɗin babba zai biya, kin ga babbar tawa kenan ta shiga layin manya.

Abin da ya tsaya min a rai gaskiya shine maganar layi. Wasu wasannin sai a yi awa guda ana jira, amma akwai abin da suke kira Lightning Lane, ki ƙara kuɗi a kan na tikiti sai a ba ki lokaci ki bi ta gajeren layi. A gida da sanayya ake tsallake layi, a nan da kati ake yi a fili harda rasit, kuma ni dai duk biyun ba su kwanta min ba, ɗan wanda ya yi shekara yana tara kuɗin tafiyar yana tsaye a rana yana kallon wasu suna wucewa. Baban yara ya ce mu sammako kawai ana buɗewa mu shiga, na yarda da shi.

Amma fa inda suka iya dole a faɗa. Bas da jirgin ƙasa na sama da jirgin ruwa da suke zirga-zirga tsakanin otal-otal ɗinsu da wuraren wasa duk kyauta ne, ruwan sha in kin roƙa a wajen sayar da abinci za su ba ki a kofi ba ko sisi, kuma ba sa hana ki shiga da abincinki in dai ba a kwalba bane. Manhajarsu ta waya tana nuna miki minti nawa ake jira a kowane wasa, da banɗaki mafi kusa, harda tsawon da yaro zai kai kafin a bar shi ya hau, kamar Space Mountain inci 44 ne, na auna autana a jikin bango bai kai ba shikenan na cire shi a lissafi tun daga gida, ba sai ya je yana kuka ba. Wannan shine abin da nake mana kwaɗayi, mu da muke da Yankari da ruwan Wikki mai ɗumi da Allah ya ba mu ba tare da wani ya gina ba, ace mutum yana zaune a ɗaki ya san kuɗin shiga da masauki da komai kafin ya ɗebo iyali a mota.

Lokacin bazara ba za mu je ba, zafin Florida da gumi yake zuwa ba irin namu busasshe ba, ga ruwan yamma kusan kullum, ga kakar guguwa daga Yuni har Nuwamba. Ni EPCOT nafi ɗoki, akwai ɓangaren ƙasashe 11 kuma na Maroko yana ciki, Sarki Hassan na biyu ne ya turo magina daga can suka yi zanen, ina so yaran su ga aikin hannun musulmi a wajen da duniya take taruwa. Sallah kuma ɗan dardumarmu na cikin jaka, mu samu gefe mu yi.

Abinci zan soya cincin in yi dambun naman halal da kaina, dan Allah kar ki ba kowa kilishi ya taho min da shi, kwastam ɗin nan ba sa bari nama ya shigo. Yaji da kuka dai in an samu mai zuwa ina so. A gaida Umma sosai.