Kyamarar Zafi ta FLIR M232: Yadda Take Zama Cikin Netwok da Manhajojin Jirgin Ruwa

FLIR M232 kyamara ce da ake kafawa a saman jirgin ruwa domin matuƙi ya ga abin da ke gabansa cikin duhu, kuma ba haske take bi ba, zafin da kowane abu ke fitarwa take karantawa. Ta shigo kasuwa a shekarar 2017 tare da ƙanwarta M132, wadda ɗaga kai da sunkuyarwa kawai take iyawa, alhali ita M232 tana juyawa zagaye cikakke na digiri 360 ba tare da ta tsaya ba. Yawancin masu yi mata sharhi sukan tsaya a kan kyawun hoto da nisan hange. A ganina ba a nan ya kamata a yanke mata hukunci ba, domin kyamara ce da ba ta da wata hanyar fitar da hoto sai ta kebul ɗin netwok, saboda haka amfaninta kacokan ya rataya ne a kan yadda aka tsara netwok ɗin jirgin da kuma irin allon tuƙin da za ta yi magana da shi.

Game da hoton kansa, abin faɗa ba shi da yawa. Idonta yana ɗaukar ɗigo 320 a faɗi da 240 a tsaye, yana kuma buɗe digiri 24 daga hagu zuwa dama, wanda ya isa a hango jirgi ko alamar hanya amma bai isa a ga gefe da gefe lokaci guda ba. Kamfanin ya ce tana iya gano mutum a cikin ruwa daga nisan kusan mita 450, sai dai ganowa daban, tantancewa daban: abin da ke bayyana a allo daga wannan nisan ɗan farin ɗigo ne a kan baƙin ruwa, wato kan mutumin, yana ɓacewa yana dawowa yadda igiyar ruwa ke ɗaga shi. Ba ta gani ta cikin gilashi, don haka ba a kafa ta a cikin ɗakin tuƙi, ba ta kuma ganin abin da ke ƙarƙashin ruwa, sannan ruwan sama mai ƙarfi da hazo mai kauri suna rage mata hange sosai. Hoton yana sabuntuwa sau 9 a daƙiƙa, adadin da ke da nasaba da dokokin Amurka na fitar da kayan hangen zafi zuwa ƙasashen waje, kuma ba ta da na'urar daidaita hoto idan jirgi na tangaɗi. Wanda ke gudu da ƙaramin jirgi a ruwa mai hargitsi zai ji waɗannan rashi biyu a jikinsa, wanda kuwa ke shiga tasha a hankali cikin dare da wuya su dame shi.

Kebul biyu ne ke fita daga gindinta: ɗaya na wuta, ɗaya kuma na netwok wanda ke ɗauke da hoto da umarnin juyawa gaba ɗaya. Wannan tsari na haɗa hoto da umarni a kebul ɗaya shi ne abin da na fi yaba mata a wajen kafawa, domin duk wanda ya san wahalar zura waya cikin siririn bututun turken jirgi ya san darajar rage yawan wayoyi. Bakin kebul ɗin netwok ɗin irin wanda ake kira RayNet ne, mai zoben da ake murɗawa har ya kulle ya hana ruwa shiga, kuma akwai mahaɗin da ke mayar da shi bakin RJ45 da aka saba gani a jikin kwamfuta.     Shawarata ita ce a tuna cewa kebul ɗin netwok na tagulla ba ya wuce mita 100.

Masu allon Garmin suna da ƙarin abin kiyayewa, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Littafin Garmin da kansa ya yi gargaɗin cewa haɗa na'urar PoE, wato mai amfani da wutar da ake turawa ta cikin kebul ɗin netwok, kai tsaye da netwok ɗinsu yana lalata allon tuƙi, yana kuma iya lalata na'urar, don haka idan za a jona kyamarar FLIR dole a sa ɗan mahaɗin da ke raba wutar ɓangarorin biyu a tsakani. Bakin kebul ɗin zai shiga ba tare da gardama ba, wannan ne ma ya sa kuskuren ke da sauƙin aukuwa.

Bayan wuta sai adireshi, kuma a nan ne mafi yawan masu kafawa ke ɓata yini guda. Kyamarar tana fitowa daga kwali a shirye ta karɓi adireshin IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita a netwok, daga duk na'urar da ke rabawa ta hanyar DHCP, tsarin raba adireshi kai tsaye. Idan allon tuƙi ne kaɗai ke rabawa, komai yakan tafi daidai: a kunna allo, a ɗan jira, kyamara ta bayyana a jerin na'urori. Matsala tana farawa ne ranar da aka jona rautar intanet ta jirgi a kan suwic ɗin da allon yake, wato akwatin da ke haɗa wayoyin netwok, domin ita ma rautar raba adireshi take yi. Lamarin ya zama kamar mutum biyu ne ke rubuta lambar gidaje a layi ɗaya ba tare da sun yi shawara ba, duk wanda ya riga isa ƙofa shi ke rubuta tasa. Yau kyamara ta karɓi adireshi daga allo ta yi aiki, gobe rauta ta riga tashi ta ba ta wani adireshin da allon bai san da shi ba, sai hoto ya ɓace alhali fitilar suwic na ƙiftawa lafiya lau. Idan kuwa babu mai rabawa ko ɗaya, na'urorin netwok da yawa sukan ba kansu adireshin da ya fara da 169.254, wanda ganinsa kawai ya isa shaida cewa ba wanda ya amsa kiransu. Kamfanonin allo kuma kowa da rukunin adireshinsa, misali na'urorin NavNet na Furuno suna zaune ne a rukunin 172.31, saboda haka wanda zai ba kyamara tsayayyen adireshi da hannu dole ya san rukunin da allonsa ke ciki kafin ya rubuta lamba ko ɗaya.

Abin da na fi amincewa da shi shi ne a raba netwok biyu: ɗaya na tuƙi, inda allo da rada da kyamara suke, ɗaya kuma na intanet da wayoyin mutanen jirgi. Wannan yana kawar da rikicin adireshi, yana kuma kare kyamara daga cunkoso, domin rada tana watsa bayananta ga na'urori da yawa a lokaci guda, kuma suwic ɗin da bai iya tace irin wannan watsi ba yakan kwarara shi a kowace ƙofa har hoton kyamara ya riƙa sarƙewa.

Kyamarar tana da shafinta na saiti da ake buɗewa ta burauza, kuma a kwamfuta mai Windows takan bayyana da kanta a cikin jerin na'urorin netwok, sai a danna sunanta shafin ya buɗe. A nan ake sauya adireshi, ake gaya mata ko a miƙe aka kafa ta ko a kife a ƙarƙashin rufi, ake kuma ɗora sabuwar manhajar cikinta. Shafin ba shi da ado, amma abin da ake buƙata yana nan. Abu na farko da ya wajaba a yi a cikinsa shi ne sauya kalmar sirrin da ta zo da ita, kuma ina faɗin wannan da gaske, domin kyamarar da ke iya juyawa ta kalli cikin jirgi, aka kuma bar ta a netwok mai hanyar fita intanet da kalmar sirrin masana'anta, taga ce buɗaɗɗiya. Haka kuma kada a ɗora sabuwar manhaja yayin da batirin jirgi ke ƙasa ko ana shirin tayar da inji, domin yankewar wuta a tsakiyar aikin tana iya barin na'ura ba ta tashi.

Inda M232 ta fi nuna kanta shi ne idan aka haɗa ta da allon Axiom na Raymarine, kuma dalilin a fili yake: FLIR ta sayi Raymarine a 2010, sannan Teledyne ta sayi FLIR a 2021, don haka gida ɗaya suke. A kan Axiom ana juya kyamarar da yatsa a jikin allo, ana sauya launin hoto daga fari mai nuna zafi zuwa ja wanda ba ya kashe wa matuƙi ido da dare, ana kuma samun ClearCruise, manhajar da ke nazarin hoton ta kewaye duk abin da ba ruwa ba ta kuma yi ƙarar gargaɗi. Akwai kuma damar taɓa wani jirgi a taswira, wanda AIS (tsarin da jirage ke sanar da junansu inda suke) ko rada ya nuna, kyamara ta juya da kanta ta bi shi. A wurina wannan ya fi komai daraja, musamman idan mutum ya faɗa ruwa aka danna maɓallin gaggawa, domin hannun matuƙi yana kan sitiyari kyamara kuma tana neman wurin da aka yi alama. Sai dai wannan aikin bai fi ingancin bayanan da ake ciyar da shi ba. Allon yana buƙatar sanin inda jirgi yake da inda hancinsa ya dosa, kuma waɗannan bayanan ta layin NMEA 2000 suke zuwa, layin da ke tafiya da kilobit 250 a daƙiƙa wanda hoto ba ya bi ta cikinsa ko kaɗan. Idan kamfas ɗin jirgi ya karkace, ko ba a daidaita gaban kyamara da hancin jirgi lokacin kafawa ba, kuskuren digiri 5 kawai yana kautar da ido kusan mita 87 a nisan kilomita ɗaya. Kuskuren ya ninka haka sau biyu da ɗoriya kuwa, jirgin da ake nema ya fita daga hoton gaba ɗaya, tunda digiri 12 ne kacal daga tsakiyar hoto zuwa bakinsa. Wannan daidaitawar ba ta ɗaukar lokaci mai tsawo, amma ita ce aka fi tsallakewa.

Da allunan Garmin da Furuno da Simrad ma tana aiki, sai dai ba daidai wa daida ba. Hoto da juyawa sukan samu, sauran abubuwan kuwa sun danganta da samfurin allon da kuma sigar manhajar da ke cikinsa, ClearCruise kuma na Axiom ne. Ba na ganin laifin kamfani don ya fifita na gida, amma mai saye ya cancanci ya san haka kafin ya biya, ya kuma duba jerin na'urorin da allonsa ke karɓa, ya sabunta manhajar allon kafin ya zargi kyamara. Hoton yana fita ne a tsarin H.264, wanda manhajojin kallon bidiyo na kwamfuta da na'urorin ajiyar hoto da yawa suka sani, saboda haka ana iya kallo ko adanawa a wani wuri ban da allon tuƙi. Farashin wannan sauƙin shi ne ɗan jinkiri tsakanin abin da ke faruwa da abin da ake gani, domin sai an matse hoton an aika an kuma buɗe shi, kuma wasu manhajojin kwamfuta sukan tara hoto na ɗan lokaci kafin su nuna, abin da bai dace da mai shiga tasha ba sam. Wanda yake da tsohon allo mai karɓar bidiyon analog kaɗai kuwa sai ya ƙara sayen na'urar da ke sauya hoton netwok zuwa irin wanda allonsa ya sani.

Akwai wani ɗan abu da ke tsorata sabon mai ita ba gaira ba dalili. Lokaci zuwa lokaci hoton yakan daskare na ƙiftawar ido sannan ya ci gaba, kuma ba netwok ba ne ya yanke, kyamarar ce ke rufe idonta da wani ɗan murfi na ciki domin ta daidaita ɗigoginta da ma'aunin zafi ɗaya. Daskarewar da ta wuce daƙiƙu ko ta zo da tsattsagewar hoto ita ce ta netwok, kuma sanin bambancin yana hana mutum kwance wayoyin da ba su da laifi.

Ina kuma ba da shawarar a haɗa da sandar sarrafawa ta JCU-3, wadda ita ma ta netwok take aiki, domin yatsa mai jiƙa a kan allo mai gishiri ba abin dogaro ba ne idan ruwa ya tashi. Ga mai ƙaramin jirgi ko matsakaici da ke da Axiom, wanda ya shirya raba netwok ɗinsa ya kuma daidaita kamfas, M232 ta cancanci kuɗinta ba tare da shakka ba. Mai allon wani kamfanin zai sami ido mai kyau cikin dare, amma ya sa ran wani ɓangare na basirarta ba zai iso gare shi ba. Wanda kuma aikinsa ke kai shi teku mai tangaɗi da gudu, gara ya duba jerin M300 da suka biyo baya, irin su M364 mai ɗigo 640 da 512, waɗanda ke da na'urar daidaita hoto da ƙarin hanyoyin fitar da bidiyo ban da netwok.